Siffofin ƙasa na asali a aikin injiniyan gine-gine

Siffofin ƙasa na asali su ne abubuwan da injiniya yake aunawa a jikin ƙasa kafin a ɗora mata gida, hanya, gada ko madatsar ruwa: girman ƙwayoyinta, ruwan da ke cikinta, nauyinta, kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin, da yadda halinta ke sauyawa idan ta jiƙe. Wannan ilimi ya tsaya da ƙafarsa a 1925, lokacin da Karl Terzaghi ya wallafa littafinsa kan ƙasa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A arewacin Kamaru da Cadi, inda watanni kaɗan na damina ke biyo bayan dogon rani, ruwa ne ke da babbar murya a kan kusan duk waɗannan siffofi.

Ƙwaya, ruwa da iska

Kowane dunƙulen ƙasa abu uku ne a haɗe: ƙwayoyi masu tauri, ruwa, da iska. Ruwa da iska suna zaune ne a cikin kafofin, kuma ƙasar da kafofinta suka yi yawa tana lotsawa idan aka ɗora mata nauyi. Ana gane yawan ruwa ta hanyar auna samfuri, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 105 na kimanin awa 24, a sake aunawa. Idan samfurin giram 120 ya dawo giram 100, ruwansa kashi 20 cikin ɗari ne, domin da busasshen nauyi ake lissafin. Su kuwa ƙwayoyin, a yawancin ƙasa nauyinsu ya ninka na ruwa sau 2.65 zuwa 2.75.

Girman ƙwayoyi

Da jerin rariya ake rarrabe ƙasa, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa. Abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ce, ƙasa da haka yashi. A tsarin Faransa, wanda ake yawan bi a ƙasashen biyu, duk abin da ya ratsa rariyar milimita 0.08 ana ƙirga shi cikin lallausar ƙasa. Yumɓu shi ne abin da bai kai milimita 0.002 ba, rariya ba ta kama shi, sai a dama shi a ruwa a auna saurin kwanciyarsa. Ƙasar da ta haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi ta fi daɓuwa, don ƙananan suna cike gurbin manyan. Shi ya sa burjin marmara, irin na tudun Adamawa wajen Ngaundere, yake da daraja a aikin hanya.

Iyakokin Atterberg

Yumɓu ɗaya yana iya zama tauri, ko laushin da ake murɗawa, ko taɓo mai malala, gwargwadon ruwan da ya sha. Albert Atterberg, masanin kimiyya ɗan Suwidin, ya shata iyakokin waɗannan halaye a 1911, daga baya Arthur Casagrande ya daidaita gwajin don injiniyoyi. Iyakar malala ita ce yawan ruwan da zai sa tsagin da aka yi a kwaɓaɓɓiyar ƙasa cikin ƙoƙon tagulla ya haɗe bayan bugu 25. Iyakar murɗawa kuma ita ce inda zaren ƙasa mai kaurin milimita 3 yake fara farfashewa a ƙarƙashin tafin hannu. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin danƙon ƙasa. Yashi ba shi da ita sam. Idan ta yi faɗi, akwai alamar ƙasar mai kumburi ce.

Baƙar laka

A nan ne gwajin ya fi shafar mutanen yankin. Filayen da ke kewaye da Marwa, fadamun kogin Lagon da gefen Tafkin Cadi suna da baƙar laka mai nauyi, wadda Fulani ke kira karal. A kanta ake dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa, domin tana riƙe laima har cikin hunturu. Abin da ya sa ta albarka ga manomi shi ne ya sa ta fitina ga magini. Tana ɗauke da wani nau'in yumɓu, montmorilonit, wanda ke jan ruwa tsakanin siraran faifansa ya kumbura, sannan ya motse idan ruwan ya fita. A watan Maris da Afrilu za a ga ƙasar ta dare, tsaga mai zurfi har hannu na shiga. Ruwan farko ya bi ta tsagar ya sauka ƙasa, ta kumbura ta rufe.

Illar ba daga kumburin kaɗai take ba, daga rashin daidaitonsa ne. Gefen harsashin gini yana jiƙewa ya bushe kowace shekara, tsakiyar ɗaki kuwa a rufe take, danshinta ba ya canzawa sosai. Sai kusurwa ta ɗaga, ta sauka, bango ya tsage a karkace daga bakin taga ko ƙofa. Ƙaramin gidan bulo ya fi bene shan wahala, saboda ba shi da nauyin da zai danne ƙasar. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan siminti ko birkila, alhali matsalar tana ƙarƙashin ƙafa. Maganin da aka sani shi ne a zurfafa harsashi ya wuce inda danshi ke sauyawa, ko a kwashe lakar a cike da yashi ko burji, ko a cuɗa ta da farar ƙasa ta rage danƙo. Daɓen siminti kewaye da gida, indararo mai kai ruwa nesa, da nesanta manyan itatuwa daga bango, duk suna taimakawa, kuma kuɗinsu bai kai na sake gini ba.

Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, wadda ke bi ta gefen gandun dajin Waza ta kai kaya Injamena, tana ratsa irin waɗannan filaye. Dole a ɗaga jikin hanya sama da inda ruwa ke kwanciya, a kuma ɗauko ƙasa mai kyau daga nesa, abin da ke sa aikin tsada.

Ratsawar ruwa

Henry Darcy ya bayyana ƙa'idar tafiyar ruwa cikin yashi a 1856. Ruwa na ratsa tsakuwa da yashi da sauri, yumɓu kuwa da ƙyar. Don haka yumɓun da ake gudu a harsashi shi ake nema a madatsar ƙasa, irin ta Maga a arewacin Kamaru, da aka gina a 1979 domin noman shinkafa, mai tsawon kimanin kilomita 27.

Daɓewa

Daɓewa tana fitar da iska daga kafofi, ƙwayoyi su matsu. Ralph Proctor ya nuna a 1933 cewa kowace ƙasa tana da adadin ruwan da take fi daɓuwa a kansa: in ya gaza, ƙwayoyi ba sa zamewa su shige juna, in ya wuce, ruwa ya tare gurbin. Shi ya sa tankar ruwa take gaba, rola na biye. A aikin hanya akan nemi a kai kashi 95 cikin ɗari na matsewar da aka samu a ɗakin gwaji, abin da ke da wuya da rani, lokacin da ruwan ke ƙafewa kafin rola ta iso.

Bayan an daɓe samfuri ana gwada ƙarfinsa da gwajin CBR, wanda ya samo asali daga Kalifoniya. Ana jiƙa shi kwana 4 tukuna kafin a danna masa ƙarfe, domin lakar da aka haƙo da rani tana nuna ƙarfin da ba za ta riƙe ba a watan Agusta. A Kamaru, LABOGENIE, ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, yana cikin masu gudanar da waɗannan gwaje-gwaje ga ayyukan gwamnati.