Mil 200: kifin teku na wane ne?

Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ta raba teku kashi-kashi. Mil 12 daga gaɓa ruwan ƙasa ne kacokan. Har zuwa mil 200 kuwa, jirgin kowa na iya wucewa, amma kifin na ƙasa mai gaɓar ne. Ita ke ƙayyade yawan da za a kama, rarar da ta fi ƙarfinta ta bar wa wasu bisa yarjejeniya. Wanda ya jefa koma ba izini ana iya tsare jirginsa, sai dai sashe na 73 ya ce da an biya beli a sake shi da mutanensa, kuma babu ɗauri sai ƙasashen biyu sun yarda.

Da rigima aka kai ga mil 200 ɗin nan. Sau uku tsakanin 1958 da 1976 Ayislan tana faɗaɗa ruwanta, zuwa mil 12, sannan 50, sannan 200, Birtaniya na turo jiragen yaƙi su raka masuntanta. Ayislan ko soja ba ta da shi. 'Yan jiragen sintirinta kan ratsa ta bayan jirgin kamun kifi suna jan wata ƙugiya, su datse wayar komar, kifi da koma su nutse. Duk karon Birtaniya ce ta sauko.

Masanan da ke cewa ƙarfi kaɗai ke magana tsakanin ƙasashe kan sha wuyar bayanin wannan. Masu cewa doka ce ta yi aiki su ma kada su yi saurin murna, don kotun duniya ta ba Birtaniya gaskiya a 1974, Ayislan ko zaman kotun ba ta je ba. Abin da ta riƙe shi ne sansanin ƙawancen tsaro na NATO da ke Keflavik a ƙasarta, inda a lokacin ake sa ido kan jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyat. Ta yi barazanar rufe shi. A ganina nan maganar take: wa ke buƙatar wa, kuma wa abin ya fi yi wa zafi.

Filifins ba ta da irin wannan makami. A rigimarsu kan Tekun Kudancin Sin, kotun sulhu ta ba ta gaskiya a kan Sin a 2016, Sin ta ce hukuncin bai shafe ta ba, jiragen sintirinta suka ci gaba da korar masuntan Filifins daga Scarborough, wani wurin kamun kifi a tekun, da feshin ruwa.