Silindar haidirolik a motar haƙa mai bokiti biyu: gano matsala da gyara

Motar haƙa mai bokiti biyu ita ce wadda ke da faffaɗan bokiti a gaba na kwasar ƙasa, da hannu mai ƙaramin bokiti a baya na tonon rami. A wurare da yawa ana kiranta JCB ko da wani kamfani ne ya ƙera ta, domin kamfanin JCB na Ingila na cikin waɗanda suka fara fito da irinta, tun 1953. Samfuran da aka saba gani su ne JCB 3CX, Caterpillar 428 da Case 580. Duk wani motsi na hannu ko bokiti a jikinta silindar haidirolik ce ke yin sa, wadda kanikawa ke kira jak. Akwai biyu masu ɗaga bokitin gaba, da mai kifar da shi, da ta babban hannu, da ta ƙaramin hannu, da ta bokitin baya, da masu juya hannu dama da hagu, sai biyu na ƙafafun da motar ke tokarewa da su.

Yadda aka gina ta

Silinda bututun ƙarfe ne mai santsin ciki. A cikinsa akwai fistin da aka ɗaure a ƙarshen wata sanda mai rufin kurom, sandar kuma tana fita ta murfin baki. Mai na shiga ta kowane ɓangare: idan ya shiga ta gindi sanda ta fito, idan ya shiga ta wajen baki ta koma. Matsin man, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira bar, a irin waɗannan motoci yakan kai bar 200 zuwa 250. Silinda mai faɗin ciki milimita 100, a matsin bar 200, tana tura kusan tan 16. 'Yan robobin da ake kira sil su ne ke riƙe da wannan ƙarfi duka.

A murfin baki, daga waje zuwa ciki, akwai sil mai share ƙura, sai sil ɗin sanda mai leɓe wanda ke tare mai, a wasu samfuran har da wani a bayansa mai karɓar bugun matsi. A wajen murfin akwai zoben roba da matokarinsa. Fistin na da nasa sil ɗin, da zobba masu hana ƙarfe gogar ƙarfe.

Yoyon waje

Wannan ba ya ɓuya. Ɗan danshin mai a jikin sanda ba laifi ba ne, da shi sil ke zamewa. Amma idan mai na taruwa a baki yana ɗiga, ko ƙura ta yi kauri ta zama baƙin laka a wurin, sil ɗin sanda ya gama aiki. Kafin a yanke hukunci a wanke wurin, a motsa silindar, a duba inda man ya fara ɓullowa, don sau da yawa bakin tiyo ne ko tsagewar walda, man ya gangaro ya taru a murfi.

Sil ba ya mutuwa haka kawai, kuma a yankin Gombe da Bauchi ƙura ce kan gaba wajen kashe shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na manne wa sanda mai danshi. A wuraren fasa dutse na kewayen Bauchi garin dutsen kaifi gare shi, a Gombe kuwa aikin kwalbati da tare zaizayar ƙasa cikin rairayi ake yin sa. Da zarar sil mai share ƙura ya tsage ko ya bushe, sanda na jan wannan datti ciki duk komawar da za ta yi, ya ci sil ɗin sanda, ya wuce cikin mai, ya isa famfo da bawul. Na biyu shi ne rauni a jikin sanda: dutse ya faɗo mata, ko tsatsa ta huda kurom saboda an ajiye mota duk damina da sanduna a waje. Akwai kuma ɓarnar mai walda. Idan ya maƙala wayar ƙasa nesa da inda yake aiki, wutar na iya bi ta fin, wato ƙarfen da ke haɗa silinda da jikin mota, da sanda ta bar ƙananan ƙuna, kowanne kuwa ya isa yanka sil.

Saukar hannu da kansa

A nan aka fi ɓata kuɗi. Direba ya ɗaga hannun motar ya saki liba, sai ya ga yana sauka a hankali, nan take a ce sil ɗin fistin ne, a kwance jak, a sa sababbi, hannu ya ci gaba da sauka. Abin da ake tsallakewa shi ne ɓangarorin silinda biyu ba girmansu ɗaya ba, domin sanda ta cinye wuri a ɓangaren baki. Idan nauyi na danna sanda ciki, kamar a masu ɗaga bokitin gaba da ƙafafun tokare, man da ya tsallake fistin ba shi da isasshen wurin zuwa. Silindar za ta ɗan nutse, matsi ya daidaita a ɓangarorin biyu, ya hau sama, sannan ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, to mai na samun hanyar fita daga silindar ne gaba ɗaya: ta sandar bawul ɗin sarrafawa da ta goge, ko ta ƙaramin bawul ɗin rage matsi na wannan layin, wanda ɗan tsinken datti ya isa hana shi rufewa, wanda kuma hawan matsin kansa ke iya buɗe shi. Inda nauyi ke jan sanda waje, kamar silindar babban hannun baya, lalacewar sil ɗin fistin ita kaɗai na iya kawo saukar.

Saboda haka gwaji ake yi kafin a taɓa sifana a murfi. A bar mai ya yi ɗumi, wajen digiri 50, don mai sanyi na da kauri yana ɓoye yoyo. A fitar da sandar har ƙarshe, a tabbatar abin da take riƙe da shi ya zauna a ƙasa ko an tokare shi, a kashe inji, a kaɗa libobi don sauke matsi, a sassauta murfin tanki a hankali. A cire tiyon ɓangaren baki, a toshe tiyon da murfin ƙarfe, a bar ƙofar silindar a buɗe da gwangwani a ƙasa. Sai a tayar da inji a riƙe liba a wajen fitarwa na 'yan daƙiƙoƙi. Ɗigo kaɗan ba komai. Mai na zuba ba yankewa, fistin na tsallakar da mai. A kula kada a ja libar baya.

Wannan gwajin na da iyaka, don ƙarshen bututu kawai yake dubawa, alhali karce ko kumburi yawanci a tsakiya yake, inda fistin ya fi zirga-zirga. Tafin hannu na taimakawa: wurin da mai ke kutsawa ta ƙaramar kafa yana zafi fiye da sauran jikin bututun. Na'urar auna zafi daga nesa ta fi tafin hannu aminci.

Rashin ƙarfi, fizga da kumfa

Idan duk silindu sun yi sanyin jiki tare, ba su ne da laifi ba. A sa geji a auna matsin babban bawul ɗin rage matsi, a duba famfo, filta da yawan mai. Idan guda ɗaya ce, ita da layinta za a bincika. Motsi da fizga ko laushi kamar soso alamar iska ce a cikin mai, kuma iskar kan shiga ta tiyon tsotso da ya saki ko tanki da ya yi ƙasa. Iska ba ƙaramin abu ba ce: idan aka matse ta farat ɗaya tana zafi har ta kunna tururin mai, ta ƙona sil ya yi baƙi. Mai da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shige shi. Zafi kuma, daga digiri 80 zuwa sama, yana busar da sil ya taurare ya tsattsage. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari ke kai digiri 40, lagireton mai da ƙura ta toshe ya isa kai mai can. Man da aka fi amfani da shi mai lamba 46 ne ko 68, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Ƙara baƙin man inji da aka juye daga wata mota hanya ce ta kashe famfo.

Kwancewa

Ba a laluben yoyo da hannu. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana huda fata, ramin ya yi kamar cizon sauro, amma nama na iya mutuwa cikin awoyi. Wanda hakan ya sama a kai shi wurin likitan tiyata nan take, a gaya masa mai ne ya shiga. Da kwali ake nema.

Ya fi sauƙi a fara sassauta murfin baki tun silindar na jikin mota, fin na riƙe da ita. Murfin na iya zama mai zare irin na noti, ko mai kusoshi, ko mai zoben waya, kuma mai zaren yana da sifanarsa. Kurfi da guduma suna buɗe shi, amma suna lanƙwasa bakin. A rataye silindar da igiya mai ƙarfi kafin a buge fin, a toshe duk ƙofa da tiyo. Wajen zaro sanda a ja ta a miƙe, a tallafe ta kada fistin ya karci zaren bututu. Ba a hura iskar kwamfuresa don turo fistin, yana fitowa kamar harsashi.

Notin fistin ɗaurinsa ya kai ɗaruruwan mita-niyuton (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a wasu ya haura dubu, kuma yawanci da gam ɗin zare, wani har da ƙaramin fin na kulle da sai an fara cire shi. Ana riƙe sandar ta idonta, wato zoben ƙarshenta inda fin ke shiga, ba a damƙe jikin kurom a bais, matsen ƙarfe na kan tebur, ba.

Dubawa

Tsohon sil shaida ne, kada a yar kafin a karanta shi. Karce a tsaye datti ne. Taurarewa zafi ne. Cinyewa a gefe ɗaya na nuna sanda ta lanƙwashe ko fin da bushin sun goge har silinda na aiki a karkace. Gutsurewa a bayan sil na nuna tazarar ƙarfe ta yi yawa ko matsi ya wuce ƙima, abin da ke faruwa idan an ƙara ɗaure bawul don motar ta yi ƙarfi.

A bi sanda da farce. Karcen da farce bai kama ba ana goge shi da takardar yashi mai laushi, lamba 400 zuwa 600, da ɗan mai, a kewaye ba a tsaye ba. Wanda ya kama farce, ko kurom da ya ɓare, sabon sil ba zai daɗe a kansa ba. Lanƙwasa kuwa ana ɗora sandar a kan matokarai biyu a juya ta da agogon awo a tsakiya, kuma abin da aka saba bi shi ne kada ta wuce rabin milimita a kowace mita. Sandar da ta lalace ana iya yi mata sabuwa daga ƙarfe mai kurom da ake sayarwa a shirye: mai injin feƙe ƙarfe ya yanke zare, a mayar da tsohon idon da walda. A haska cikin bututu da tocila. Ƙananan layuka ana share su da dutsen goge bututu, zurfafa kuwa sai sabon bututu.

Haɗawa

A sayi sil da lambar silindar, ko a auna faɗin sanda, faɗin bututu da ramin sil da kalifa, wato ma'aunin faɗin ƙarfe. Kwatantawa da tsoho da ido na yaudara, domin tsohon ya riga ya canza siffa. Abin da ba a samu a gari ba akan aiko da shi daga Jos ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kayan da suka daɗe a rana a shago sukan bushe tun ba a sa su ba.

A wanke komai, a yi aikin a kan tebur cikin ɗaki, ba a kan ƙasa a filin gareji ba. A jiƙa sil a mai mai ɗumi ya yi laushi. Leɓen sil ɗin sanda na kallon ciki, wajen mai, na mai share ƙura na kallon waje, matokarin zoben roba kuma yana gefen da ba matsi. Sukudireba mai kaifi ba ta da wuri a nan. A naɗe zaren sanda da salatif kafin a zura murfi. Sil ɗin fistin mai tauri yana buɗewa wajen sawa, sai a matse shi da abin matse zoben fistin na ɗan lokaci ya koma girmansa. A ɗaure noti da sifanar awo daidai da littafin motar. Notin da ya saki yana barin mai ya bi ta zare, ƙarshe fistin ya rabu da sanda a cikin bututu.

Bayan an mayar da ita, a bar inji a silo, a motsa silindar a hankali sau huɗu ko biyar ba tare da kai ta ƙarshe ba, don iska ta fita, sannan a kai ta ƙarshe, a ƙara mai a tanki. Idan an sami gutsattsarin sil ko garin ƙarfe a ciki, a canza filta, a wanke tiyoyin layin, in abin ya yi yawa a juye man duka. Fin da bushin da suka yi wasa a canza su a wannan zaman, a kuma riƙa ba su giris kowace rana ta aiki.