Aiki mai rauni a U-Boot

Aiki mai rauni hanya ce da manhajar U-Boot ke bi don ta bar wa kowane allon na'ura (farantin da ke ɗauke da sassan lantarkinta) damar sauya wani aikin tayar da na'ura, wato wani gungun umarni mai suna a cikin manhajar, ba tare da an taɓa rubutun manhajar da dukkan alluna ke amfani da shi ba. U-Boot manhaja ce da ke fara aiki da zarar an kunna ƙananan na'urori irin su rauta (na'urar rarraba intanet), ta shirya ma'adanar RAM sannan ta loda Linux, babbar manhajar da ke gudanar da na'urar. Wolfgang Denk na kamfanin DENX a Jamus ne ya jagorance ta, kuma ta ɗauki wannan suna a 2002, bayan an san ta da PPCBoot.

Dabarar tana cikin kalma guda, `__weak`, wadda ke nufin `__attribute__((weak))` a wajen GCC, manhajar da ke fassara rubutun injiniya zuwa yaren na'ura. A fayil ɗin `common/board_f.c`, misali, akwai `arch_cpu_init()` mai rauni wanda ba ya yin komai sai mayar da 0. Idan injiniya ya rubuta wani mai suna iri ɗaya a bangaren na'urarsa, ba tare da `__weak` ba, linka, wato manhajar da ke haɗa fayiloli su zama ɗaya, sai ta ɗauki nasa ta watsar da na asali. In bai rubuta ba, na asalin ya tsaya. Haka `checkboard()` yake, wanda ke buga sunan allo yayin tashi.

Matsalarta ita ce shiru. Harafi ɗaya ya kuskure a sunan aiki, babu wanda zai yi ƙorafi: manhaja za ta haɗu lafiya lau, allo kuma ya ci gaba da bin tsohon aikin. Shi ya sa masu wannan sana'a ke duba fayil ɗin `u-boot` da aka haɗa da umarnin `nm`, wanda ke jero sunayen ayyukan da ke cikinsa. Harafin W a gaban suna yana nuna mai rauni ne ya rage, T kuma yana nuna sauyin ya kama.

Akwai kuma wani tarko. Idan sabon aikin yana cikin ɗakin ajiya na `.a`, wato fayil guda da ke tattare da wasu fayiloli, linka ba ta shiga ta ɗauko shi, tunda a ganinta sunan ya riga ya samu mai shi. Wannan ne ya sa a 2010 U-Boot ta daina tara fayilolinta a irin wannan ɗaki, ta koma haɗa su kashi-kashi da umarnin linka na `ld -r`.