Katangar da za ta tsare kare a gida: tambayoyi da amsoshi

Wane tsayi ya kamata a yi?

Ga babban kare irin wanda ake kira karen 'yan sanda, ko karen farauta mai dogayen ƙafafu, kada tsayin ya gaza mita 1.8, wato ƙafa 6. Idan da bulo ne, kusan layi 8 ke nan daga ƙasa. Ƙaramin kare mita 1.2 ta ishe shi. A kuma duba abin da aka ajiye a gindin katangar, domin duro, tulin itacen girki da akurkin kaji duk matakala ne a wurinsa.

Zana ko darnin kara za su yi?

Suna kare mutanen gida daga idon masu wucewa, amma kare yakan huda su cikin dare ɗaya. Wanda bulo ya yi wa tsada ya sayi wayar raga mai kauri, a ɗaure ta a turakun ƙarfe da aka dasa da siminti. Waya mai ƙaya da fasassun kwalabe rauni kawai suke jawowa.

Katangata doguwa ce, amma kullum yana waje. Ta ina yake fita?

Duba ƙasa tukuna. Kare gwanin tono ne, musamman da damina idan ƙasa ta yi laushi, ko da bazara sa'ad da yake neman wuri mai sanyi da zai kwanta. A binne ragar zurfin santimita 30 zuwa 60, ko a zuba kankare a gindinta. Inuwa da ruwan sha suna rage masa son tonon. Sai ƙofa, wadda a ganina nan aka fi yin sakaci: yaro ya shigo da aike ya bar ta a buɗe, shi ke nan. A sa sakata mai ƙarfi, a toshe ratar da ke ƙarƙashi, in da hali a yi ƙofa ta biyu daga ciki kamar tsarin zaure.

Me zai hana in ɗaure shi da sarƙa kawai?

Karen da ke wuni a ɗaure yakan ƙara zafin rai, kuma sarƙar na iya shaƙe shi idan ya yi yunƙurin tsallaka. Ɗaurin ɗan lokaci, kamar sa'ad da baƙi suka zo, ba laifi.

Idan yana tsare, sai an yi masa allurar haukan kare?

Ƙwarai. Ƙofa na iya zama a buɗe wata rana, ciwon kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu. A kai shi wurin likitan dabbobi tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan ya tsara.