Birkin hannu a bas ɗin fasinja

Birkin hannu, wanda direbobi da kanikawa ke kira hambirki, shi ne birkin da ke riƙe mota idan an tsayar da ita. Ba ya aiki da man birki kamar na ƙafa, galibi waya ce ta ƙarfe ke jansa, shi ya sa ko mai ya tsiyaye yana nan yana riƙo. Ƙa'ida mai lamba 13 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan birki ta tanadi cewa ya iya riƙe bas cike da kaya a gangaren kashi 18 cikin 100.

A bas irin Toyota HiAce, wadda aka fara ƙerawa a 1967, waya ɗaya ce ke tashi daga hannun direba, ta bi ƙarƙashin mota, ta rabu biyu zuwa tayoyin baya. Can takan ja wani ɗan ƙarfe da ke buɗe lainin birki ya manne da cikin dram, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Wasu motocin masu birkin faifai a baya, kamar Mercedes Sprinter, suna da ƙaramin dram a tsakiyar faifan don wannan aiki kaɗai.

Gano matsala

Ana sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga baya, a tokare da ƙafar ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Sai a ja birkin, a gwada juya kowace taya da hannu. In duka biyun suna juyawa, lainin ya cinye ko waya ta saki. In ɗaya ce kawai, galibi wayar wannan ɓangaren ta cije cikin kubenta saboda tsatsa da laka, abin da ya fi yawa bayan damina, ko kuma mai ya zubo daga aksul ya jiƙa lainin. Idan kuwa an sauke birki amma dram na zafi har da ƙauri, birkin ne bai saki ba.

Jar fitilar da ke gaban direba ba kullum take nufin birkin hannu ba; ƙarancin man birki ma yana kunna ta.

Gyara

Babban kuskure a nan shi ne gaggawar ɗaure notin waya. Hannun zai yi tauri, direba ya ji daɗi, alhali ratar da ke tsakanin lainin da dram tana nan. Daga dram ake farawa: a juya ɗan ƙarfen saiti mai haƙora har lainin ya taɓa, a ɗan ja da baya har taya ta juya sakayau, sannan a koma kan waya a daidaita ta da yawan ƙas-ƙas ɗin da ake ji idan an ja hannun, kamar yadda littafin motar ya faɗa.

Wayar da ta cije ko ta fara tsinkewa canza ta ake yi. Lainin da ya sha mai ma haka, kuma na ɓangarori biyu tare, bayan an toshe inda man ke zubowa. Ƙurar cikin dram tana cutar da huhu, don haka da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba a hura ta da iska.

A motocin da birkin hannunsu na lantarki ne, galibi sai an haɗa na'urar bincike ta mayar da shi baya kafin a kwance komai.