Manhajojin waya da ciwon kwankwason ma'aikatan biro

Manhajar ciwon baya ita ce wadda ake saukewa a babbar waya domin ta taimaki mai fama da ciwon kwankwaso ya kula da kansa ba tare da kullum yana kan hanyar asibiti ba. Tana koya masa motsa jiki, tana tuna masa ya tashi daga kujera, tana kuma riƙe masa lissafin yadda ciwon yake hawa da sauka. Ma'aikatan biro, wato ofis, na cikin waɗanda aka fi yi wa tallarta, saboda su ne masu wuni a zaune, wayar kuma tana gabansu a kan teburi.

Ciwon da ake nufi

Kwankwaso shi ne ƙasan baya, daga inda haƙarƙari ya ƙare zuwa saman ɗuwawu. Ƙasusuwa 5 ne a jere a wurin, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai laushi, ga tsoka da jijiyoyi kewaye da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon wannan wuri a 2020, kuma adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu wata lalura da ta kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu.

Likitoci sun kasa shi gida uku bisa daɗewarsa: wanda bai kai mako 6 ba, na mako 6 zuwa 12, da wanda ya wuce mako 12 ya zama ɗan gida. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ɗora wa laifi. Mutum zai biya kuɗin hoton ƙashi, a duba a ce masa ba a ga komai ba, ya fito ransa a ɓace yana ganin an raina ciwonsa. Ciwon gaskiya ne, hoton ne ba ya kama shi. A ƙasar Hausa akan cika wannan giɓi da cewa basir ne ko sanyi, daga nan a nufi mai tsimi ko wanzami ya yi ƙaho. Irin wannan ciwo marar takamaiman tushe shi kaɗai manhajojin suka dace da shi.

Batun zama kuwa, masana ba su tabbatar cewa shi kaɗai yana haddasa ciwon ba. Abin da aka sani shi ne daɗewa a yanayi ɗaya yana tsananta shi ga wanda ya riga ya kamu, kuma rashin motsa jiki, ƙiba, shan taba, ƙarancin barci da damuwar aiki duk suna da hannu.

Yadda take aiki

Ginshiƙinta motsa jiki ne na minti 10 zuwa 20, da bidiyo ko zane: a kwanta rigingine a jawo gwiwa zuwa ƙirji, a durƙusa a gantsare baya sannan a lanƙwasa shi, a ɗaga ƙugu sama ƙafafu na dafe da ƙasa. Manufar ita ce ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. Bayan haka akwai karatu, wanda yawancinsa ƙoƙari ne na cire wa mutum tsoro, domin tsohuwar shawarar nan ta a kwanta sai an warke likitoci sun daɗe da barinta. Kwanciyar ce ma take tsawaita ciwon. Sai ƙararrawar tunatarwa, da wurin da mutum zai ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10 kowace rana.

Wasu sun ɗara haka. Kaia, ta wani kamfani a birnin Munich na Jamus, tana kallon mai motsa jiki ta kyamarar waya ta gyara masa idan ya karkace. selfBACK, wadda aka gwada a Norwe da Danmak, tana ƙirga takun mutum da wani abin ɗaurawa a hannu, ta tsara masa shirin mako bisa abin da ya yi wa masu irin halinsa amfani. A Jamus, dokar da aka yi a 2019 ta ba likita damar rubuta manhaja kamar yadda yake rubuta ƙwaya, inshora ta biya.

Abin da gwaji ya nuna

A nan ne talla da gaskiya suke rabuwa. A 2016 masu bincike a Sidni ta Ostareliya sun tantance manhajoji 61 na ciwon baya, suka tarar yawancinsu ba su da inganci, kuma ko ɗaya ba a yi mata gwajin asibiti ba. Daga baya an yi gwaje-gwajen. Na Kaia da aka buga a 2019, da mutum kimanin 100, ya nuna masu manhajar sun fi samun sauƙi bayan mako 12 a kan waɗanda aka kai wurin likitan gashi, wato mai gasa jiki da koyar da motsa jiki. Na selfBACK a 2021 ya fi girma, mutum 461. Da ma'aunin Roland-Morris mai tambaya 24 kan yadda ciwon yake hana mutum harkokinsa aka auna, bayan wata 3 masu manhajar suka fi sauran da maki 0.79 kacal. Amfani ne, amma ɗan kaɗan, wanda mai ciwon ba lallai ya ji bambancinsa a jikinsa ba.

Babbar matsalar ba ta fasaha ba ce. Mutum yakan sauke manhaja ranar da ciwo ya hana shi sunkuyawa ɗaura takalmi, ya bi ta da himma kwana goma, da ya ji dama-dama sai ya manta da ita.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon da ya daɗe sun goyi bayan ilimantarwa, motsa jiki, tausa da magunguna irin su ibuprofen. Ba su goyi bayan ɗamarar ƙugu ba, haka ma magungunan dangin tramadol. Manhajar kirki ba ta saɓa wa waɗannan.

A Damagaram

Damagaram gari ne na ma'aikata tun zamanin da take hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Yau ga ma'aikatun jiha, bankuna, ƙungiyoyin agaji, Jami'ar André Salifou da matatar mai ta SORAZ. A yawancin birorin kujerar ba ta hawa ba ta sauka, wani wurin ma ta roba ce. Sakatariya za ta ɗora ƙaramar kwamfuta a teburin da ya yi mata ƙasa, ta duƙa a kanta tun safe, ta cusa sallaya a naɗe tsakanin bayanta da kujera. Dabarar sallayar daidai ce, shawara ɗaya ce da wadda manhajar za ta ba ta. An tashi aiki kuma sai kabu-kabu a kan hanya mai gargada zuwa unguwar Birni ko Zango, kwankwaso ya sha wani bugun.

Cikas na farko harshe ne. Manhajojin da aka yi wa gwaji da Ingilishi, Jamusanci ko harsunan arewacin Turai suke, na Faransanci ba su da yawa, balle na Hausa, duk da cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Bidiyo yana cin mega, wuta tana ɗaukewa, masu ingancin kuma sau da yawa da katin banki ake biyansu. Akwai kuma kunya: babban ma'aikaci da babbar riga ba zai kwanta a ƙasan biro yana ɗaga ƙafa a gaban na ƙasa da shi ba, balle mace. Umarnin a yi tattaki da rana ma an rubuta shi ne a inda ba a san zafin watan Afrilu mai wuce digiri 40 ba. A nan bayan asuba ko bayan isha'i ne lokacinsa.

Saboda haka abin da ya fi saurin karɓuwa ya fi sauƙi: agogon waya da aka saita ya buga kowane minti 30 ko 45, bidiyon da aka sauke sau ɗaya, ko muryar da kine, wato likitan gashi, zai turo ta WhatsApp. Azahar da la'asar da ma suna tayar da mutum daga kujera sau biyu, ya taka zuwa alwala. Doguwar safiya ce ba ta da mai tayarwa.

Inda waya ba ta da hurumi

Manhaja ba ta gwada jini, ba ta taɓa jiki. A yankin Sahel kuwa tarin fuka yana kama ƙashin baya, amosanin jini yana jawo ciwon ƙashi mai tsanani, ciwon ƙoda ma ta baya yake fara nuna kansa. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, rama ko gumin dare, wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ko wanda ba ya lafawa ko an kwanta, na likita ne. Idan ƙafa ta fara rauni, ko matsematsi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, wata ƙila jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya barin nakasa ta dindindin. Mai irin wannan alama Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram zai nufa a ranar, ko da dare ne.