Makro a Kwamfuta: Naɗa da Matsalolin Kunnawa

Makro jerin umarni ne da ake adanawa domin kwamfuta ta maimaita wani aiki da kanta. Mafi sauƙin yin sa shi ne naɗa: mutum ya yi aikin sau ɗaya, manhaja tana rubuta duk abin da ya danna, daga baya ya kunna ta maimaita.

Tarihi

An fara amfani da makro wajen tsakiyar shekarun 1950 a manyan kwamfutocin IBM, amma masu rubuta manhaja kaɗai suka san shi. Ya shiga hannun ma'aikatan ofis ne da fitowar manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 a 1983. Excel ya biyo baya a 1985, a 1993 kuma aka sanya masa VBA, harshen rubuta umarnin kwamfuta, wanda har yau shi ne ginshiƙin makro a Office. Windows 3.0 na 1990 ya zo da manhajar naɗa mai suna Recorder, aka jingine ta a Windows 95. Wasu manhajojin makro sun biyo baya: AutoIt ta fito a 1999, AutoHotkey a 2003.

Yawancin shingayen da ke hana makro tashi a yau martani ne ga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yaɗuwa ta makro. Wata mai suna Concept ta ɓulla a Word a 1995, Melissa kuma ta bazu ta imel a Maris 1999. Daga Office 2007 aka raba fayiloli: .xlsx ba ya riƙe makro, sai .xlsm. A 2022 Microsoft ya fara toshe makro a fayilolin da aka sauke daga intanet. Wasu na ganin matakin ya yi tsauri.

Matsalolin kunnawa

Wanda ya adana aikinsa a .xlsx, da ya rufe fayil makro ya tafi. Wani lokaci makro na nan, sai dai ya zuba rubutu a gurbin da ba nasa ba, domin Excel na naɗar ainihin gurbin da aka danna, kamar A1, in ba a kunna naɗa mai bin matsayi ba tun farko, wato mai ƙirgawa daga gurbin da ake ciki. Manhajojin da ke bin linzamin kwamfuta (mouse) kan ɓata idan girman allo ya sauya. Akwai kuma gaggawa: makro ya danna kafin taga ta gama buɗewa. Maganinsa a sa shi jiran taga, ba ƙirga daƙiƙu ba. Excel ba ya mayar da abin da makro ya goge, shi ya sa ake gwaji a kwafi.

Haruffa masu lanƙwasa

Matsalar haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ ta fi damun masu buga takardu da Hausa, da masu mayar da rubuce-rubucen ajami zuwa boko, waɗanda Sakkwato ta gada da yawa tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shafin rubuta VBA ba ya karɓar haruffan da ba sa cikin tsarin harshen kwamfutar, sai "ƙasa" ta koma "?asa". Ana kauce wa hakan da ChrW, umarnin VBA da ke samar da harafi daga lambarsa: 409 na ƙ, 599 na ɗ, 595 na ɓ.

Amfani a yau

Ana amfani da makro wajen haɗa sakamakon ɗalibai da jadawalin albashi.